Ido Ba Mudu Ba Ne: Sana'ar Hoto a Zangonnin Hausawan Legas

Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Computer Village da ke Ikeja, ko ya tsaya gaban rumfunan waya na bakin titin Isolo, zai ji tambaya guda tana kai da kawo tsakanin mai saye da mai sayarwa: kyamararta nawa ce? Abin da ake tambaya shi ne megafiksel, wato yawan ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto, kowane megafiksel ɗigo miliyan ɗaya. Wannan ya ce tasa 50 ce, wancan ya ce 108, wani ma ya kai 200, kuma ba ƙarya suke yi ba, haka kamfanoni suka rubuta a jikin kwali. Masu ɗan karance-karance kuma sai su ƙara da cewa ai idon ɗan Adam megafiksel 576 ne, saboda haka har yanzu na'ura ba ta kamo halittar Allah ba. A ganina mai yabon waya da mai yabon ido ma'auni ɗaya suka riƙe, kuma ba shi ne ma'aunin da ya dace da gani ba. Ido ba ya ƙidaya ɗigo. Hoton da ya yi wa Bahaushen Kudu amfani a cikin shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce bai taɓa yin amfanin don yawan ɗigonsa ba. Ya yi ne don haske ya sauka daidai a fuska, kuma akwai wanda ya san mai fuskar. Tarihin sana'ar hoto a zangonninmu na Legas ya ishe mu hujja, ilmin da masana suka tara game da ido kuma ya goyi bayan tarihin.

Hausawa sun daɗe a Ikko, wato Legas, tun kafin Turawan Ingila su karɓe ta a 1861. Wasu fatauci ya kawo su, wasu kuwa bayi ne da aka gangaro da su bakin teku. Daga cikinsu ne John Glover ya kafa 'yar rundunar nan ta 1863 wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Nijeriya, unguwar Obalende kuma har yau tana ɗauke da tarihin zaman sojan Hausa. Amma abin da ya cika zangonni da jama'a shi ne jirgin ƙasa. An fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Agege tana kan wannan layi, ga tasha, ga gonakin goro a kurmin da ke kewaye da ita, sai fataken da kakanninsu ke shafe watanni a hanyar Gwanja suka samu goro a bakin dogo. Shanu su gangaro, huhunan goro su haura. Zangon Agege ya kafu da Sarkin Hausawansa da limamansa da makarantun allo, haka kuma aka samu Idi-Araba da Mile 12 da mayankar Oko-Oba, sannan unguwanni irin su Oshodi da Isolo, inda masana'antu da kusancin filin jirgin sama suka jawo 'yan ci-rani, daga masu gadi da mahauta har masu shayi da 'yan canji.

Wannan dukiya mai yawa ta yi ta juyawa ba hoto ba katin shaida. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana tsarin filla-filla: baƙon da ya kawo shanu yana sauka a gidan maigida, dillalan maigidan su sayar wa mahauta bashi, maigidan ya tsaya lamuni har kuɗi su fito. Abin da ke riƙe da tsarin shi ne sanayya, a san wane ne, ɗan wane ne, daga ina ya fito, ya taɓa cin amana ko bai taɓa ba. Kayan aikin farko a wannan kasuwa ido ne. Dillalin shanu yakan zagaya sa sau ɗaya, ya dubi ƙirji da cinya da tozo, ya faɗi kuɗinsa ba tare da an ɗora shi a sikeli ba, kuma har yau haka ake ciniki a kara. Mai goro yakan buɗe huhu ya gane daushe, ya tsamo mai sankara daga cikin ƙwarya guda, alhali baƙo mai lafiyar ido yana tsaye kusa da shi bai ga komai ba sai jan goro da fari. Hasken da ya shiga idanunsu iri ɗaya ne, abin da suka gani ya bambanta. Da Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wannan suke nufi, kuma kyamara ta iske al'ummar da ta riga ta san cewa gani yana tafiya da sani.

Ita kyamarar ba ta makara ba wajen zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma. An bayyana fasahar Daguerre a Faransa a 1839, kafin ƙarnin ya ƙare kuma 'yan Afirka da kansu suna riƙe da sana'ar. A Legas akwai Neils Walwin Holm, mutumin ƙasar da yanzu ake kira Gana, da George Da Costa, wanda ya bar shugabancin kantin littattafan mishan ya buɗe ɗakin hoto a 1895 ya kuma ɗauki hotunan aikin shimfiɗa dogo. A Bonny akwai Jonathan Adagogo Green, wanda ya ɗauki sanannen hoton Oba Ovonramwen na Binin bayan Turawa sun tuɓe shi a 1897. Masu hoton wannan zamani a kan faifan gilashi suke ɗauka, mai faɗi ƙwarai, kuma kaifin da ke cikin masu kyau daga cikin faifayen yana ba masu duba su a yau mamaki, har zaren aikin wuyan riga ana iya bi ɗaya bayan ɗaya. A irin wannan zamani ne fuskokin Hausawa suka fara shiga hoto da yawa, a katunan da Turawa ke saye suna aika wa 'yan uwansu a gida. Sai dai dubi abin da ake rubutawa a ƙarƙashinsu: sojan Hausa, ɗan kasuwar Hausa, wanzamin Hausa. Ba suna, ba gari, ba sunan uba. Hoto ne mai kaifi matuƙa wanda ba ya gaya wa kowa ko wane ne a ciki, domin an ɗauke shi ne don idon da bai san mutumin ba kuma bai damu ya san shi ba. Jikan wannan soja zai iya riƙe katin a yau ya ƙirga maɓallan rigar kakansa bai san jininsa yake kallo ba.

Hoton da Bahaushe ya nema da kansa ta ƙofar larura ya shigo. Malamai sun yi ta muhawara a kansa saboda hadisan da suka yi gargaɗi game da yin surar abu mai rai, kuma muhawarar ba ta mutu ba har gobe. Wasu sun tsaya a kan hani sai inda dole ta kama, wasu kuwa sun bi fahimtar irin su Shaihu Muhammad Bakhit al-Muti'i, tsohon Muftin Masar, wanda ya rubuta risala yana cewa hoton kyamara tsare inuwa ne kawai, ba ƙirƙirar sura ba. Dolen kuwa ta yi ta ƙaruwa: fasfon aikin Hajji, takardar shiga soja ko ɗan sanda, lasisin tuƙi, jarrabawar makaranta. Wanda ya biya wannan buƙata shi ne mai hoton bakin titi, da akwatinsa na katako mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, wanda yake ɗauka ya wanke a cikin akwatin ya miƙa maka kana tsaye. Hoton ɗan ƙarami ne, milimita 35 a 45, wanda in an auna shi da mudun yau bai kai rubu'in megafiksel ɗaya ba, amma da irinsa alhazai suka yi ta ƙetare iyakoki. Da kunya ta ragu sai sha'awa ta biyo bayan larura. Ɗan ci-rani ya sa babbar rigar Sallah, ya karya hula, ya zauna gaban labulen da aka zana wa bene ko jirgin sama, ya fito da agogon hannu waje, a ɗauka a ba direban motar goro ya kai wa tsohuwa a Bichi ko Illela. Saƙon hoton a fili yake: ina raye, ina lafiya, ban lalace a Kurmi ba. Abin da Seydou Keïta ya yi a Bamako daga 1948, wanda manyan gidajen tarihi na duniya ke alfahari da shi yanzu, shi ne abin da ƙananan ɗakunan hoto ke yi a kowane zango, kuma gwanintar ba a cikin na'ura take ba. Gwani shi ne wanda ya san inda zai zaunar da mutum haske ya zo masa ta gefe, ya san yadda zai ɗaga masa haɓa, ya kuma san inda zai bi da bakin fensir a jikin fim ya share ƙurji ba tare da ya share kamanni ba.

Me ya sa ɗan wannan hoto ya wadatar? Amsar tana cikin yadda aka halicci idon. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai kama haske, ɗauke da ƙwayoyin halitta iri biyu: masu aiki a duhu, kimanin miliyan 100, da masu gane launi da kaifi, miliyan 5 zuwa 6. Amma jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa zarenta bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, wato tun a cikin idon ake tace labari, a zubar da mafi yawansa kafin ya tashi. Kaifin kuma ba a shimfiɗe yake ko'ina daidai ba, kamar yadda yake a faifan kyamara. An tara shi ne a wani ɗan gurbi a tsakiyar tantanin, kuma abin da wannan gurbi yake ɗauka a lokaci guda bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba in ka miƙa hannu. Mai karatu na iya gwadawa yanzu: ya kafa ido a kan kalma ɗaya a tsakiyar wannan layi, ya yi ƙoƙarin karanta ta ƙarshen layin ba tare da ya motsa ido ba. Ba za ta karantu ba. Abin da ke ɓoye mana wannan shi ne ido ba ya zama wuri ɗaya, yana tsalle sau uku ko huɗu a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma tana ɗinke gutsattsarin tana ba mu jin cewa komai a sarari yake. Akwai ma gurbin da ba ya gani sam, inda jijiyar ta fita daga ido, wanda Edme Mariotte na Faransa ya gano a shekarun 1660, amma ba wanda ke yawo yana ganin rami a gabansa, domin ƙwaƙwalwa tana cike wurin da abin da ke kewaye. Haka take yi da launi. Farar riga fara ce a idonmu a rana tsaka, fara ce kuma a gaban fitilar ƙwai, alhali hasken da ke dawowa daga gare ta ya canza ƙwarai. Fim kuwa sai ya fito da ita ruwan ɗorawa, domin shi abin da ya zo masa yake rubutawa.

Wannan ba sabon ilmi ba ne gaba ɗaya. Hasan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a cikin Kitab al-Manazir cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ne ke fitar da haske ba, ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu da 'yar ƙofar haske, wanda shi ne kakan kowace kyamara. Masu tarihin hoto sukan tsaya a nan su yaba masa, su manta da rabin da ya fi muhimmanci. Ya rarrabe tsakanin ganin farat ɗaya da ganin lura, inda ido ke bin sassan abu ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ce gane abu yana faruwa ne ta hanyar gwada shi da surorin da rai ya riga ya adana. Bayan ƙarni tara Alfred Yarbus na Rasha ya auna motsin idon mutane suna kallon hoto, ya nuna a littafinsa na 1965 cewa ido yana komawa ne kan idanu da baki, kuma hanyar da yake bi tana canzawa gwargwadon tambayar da aka yi wa mai kallo. A 1999 kuma Mike Burton da abokan aikinsa a Jami'ar Glasgow suka nuna wa mutane bidiyon kyamarar tsaro mai dishi-dishi. Ɗaliban da suka san malaman da ke cikin bidiyon sun gane su ba wahala, waɗanda ba su san su ba kuwa, har da ƙwararrun 'yan sanda, sun yi ta kuskure. Tsohuwar da ke Bichi ba daga takardar take ɗauko fuskar ɗanta ba. Fuskar tana wurinta tun tuni, takardar tuni kawai take yi mata.

Shaidu irin wannan sun cika rayuwarmu. Shaihu Ahmadu Bamba na Senegal hoto guda ɗaya tak aka san shi da shi, wanda aka ɗauka wajen 1913, rana ta ƙwalle, rawani ya rufe rabin fuskar, inuwa ta cinye sauran, amma da wannan hoton ake zana shi a bangon Dakar da Tuba, kuma kowane almajirinsa yana gane shi daga nesa. Hoton Shaihu Ibrahim Inyass da ke manne a shaguna da gilashin motoci daga Agege har Kano an kwafe shi daga kwafi sau ba adadi, launi ya tashi, gefe ya narke, ba wanda ya taɓa tambayar wane ne. Sardauna a kan naira 200 da Murtala a kan naira 20 zane-zanen siraran layuka ne in ka matso da su kusa, ido ne ke mayar da su fuska. Finafinan Hausa da suka mamaye gidajen zango a kan faifan bidiyo na VCD ɗigonsu 352 ne a 288, wato kimanin kashi ɗaya cikin goma na megafiksel ɗaya, kuma a haka marigayi Rabilu Musa Ibro ya shiga zuciyar miliyoyin mutane. Da ya leƙo ta gefen allo yara sun fara dariya. Wannan hali na ido yana da haɗarinsa, ya kamata a faɗa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, shekara 22 kafin a bayyana fasahar hoto, saboda haka duk abin da ake yaɗawa da sunan hotonsa ba shi ba ne. Idon da ke cike giɓi da abin da ya sani yana iya cike shi da abin da yake so.

Zamanin ɗigo ya fara ne a 1975, lokacin da Steven Sasson, injiniya a kamfanin Kodak, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, mai ɗigo 10,000 kacal, baƙi da fari, wadda take ɗaukar daƙiƙa 23 kafin hoto ɗaya ya hau kaset. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, a 2012 kuma Kodak ɗin da kansa ya je kotu neman kariya saboda karyewa. A tsakanin waɗannan shekaru ɗakunan wanke fim suka yi ta rufewa, mai hoton unguwa ya koma kan fasfon gaggawa da bukukuwa da buga fosta, kowane ɗan acaba kuma ya zama mai hoton kansa. Da farko ƙarin ɗigo ci gaba ne na gaske, domin hoton wayoyin farko ko a tafin hannu ana ganin tsagewarsa. Amma akwai iyakar da in an wuce ta ido ba ya ƙaruwa da komai. Lafiyayyen ido, a nisan da ake riƙe takarda, ba ya rarrabe fiye da ɗigo kimanin 300 a inci ɗaya, shi ya sa hoton albam mai inci 4 a 6 megafiksel biyu da ɗan ɗoriya ya ishe shi. Su kansu masu ƙera wayoyin sun san haka. Faifan da ke kama haske a waya bai wuce faɗin farce ba, in aka yanka shi gida miliyan 108 kowane gida hasken da zai samu kaɗan ne, don haka wasu wayoyin suke haɗa ɗigo tara su zama ɗaya su ba ka hoto mai megafiksel 12. Daga nan a tura ta WhatsApp, shi kuma ya matse shi ya rage sai in an zaɓi babban inganci. Matsalar da ta dami mai baƙar fata tun farko ma ba ta ɗigo ba ce. Shekaru da yawa ɗakunan wanke hoto suna daidaita launinsu da katin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, kamar yadda Lorna Roth ta Jami'ar Concordia ta bayyana a 2009, kuma abin da ya fi wahalar da fim shi ne ainihin shigar Bahaushe ranar Sallah, baƙar fuska a cikin farar shadda a tsakiyar rana: ko rigar ta ƙone ko fuskar ta nutse. Tsofaffin masu hoto da inuwar bango suke magance wannan. Ba banza ba ne wayoyin Tecno suka samu karɓuwa a Afirka. Cikin dalilan da ake ambata akwai daidaita kyamararsu da baƙar fata.

Mai ja da wannan magana yana da abin faɗa, kuma ba duka ne za a ture ba. Lissafin 576 ɗin nan na Roger Clark ne, wani masanin kimiyya a Amurka mai sha'awar hoto, kuma lissafin ba shi da laifi, fassarar da ake yi masa ce ta karkace. Abin da ya auna shi ne ɗigo nawa allon da ya cika gaban mutum zai buƙata don duk inda ido ya juya kada ya ga tsagewa. Awon allo ne, ba awon abin da ido ke ɗauka a kallo ɗaya ba. Wani zai ce ai yawan ɗigo yana ba da damar a yanko fuska ɗaya daga cikin taron ɗaurin aure a faɗaɗa ta, ko a karanto lambar motar da ta kaɗe mutum ta gudu. Wannan gaskiya ne, kuma a nan kyamara ta fi ido nesa ba kusa ba, domin tana riƙe kowane lungu da kaifi ɗaya, ba ta mantuwa, ba ta son zuciya, sharaɗin dai gilashinta ya zama mai kyau haske kuma ya wadata, in ba haka ba hazo kawai za a faɗaɗa. Amma hujjar manyan alluna ba ta tsaya ba. Allon tallan da ke kan babbar hanyar Oshodi zuwa Apapa, wadda ta ratsa Isolo, daga nesa ake kallonsa, kuma a nisan mita 30 ido ba ya rarrabe abin da ya gaza milimita 9, saboda haka a lissafi allo mai mita 10 a 5 bai buƙaci ko megafiksel ɗaya cikakke ba.

Suka mafi nauyi ita ce zamanin sanayya ya wuce. Legas ta fi ƙarfin maigida ya san kowa, kuma wanda ke duba fuskarka a yau baƙo ne ko na'ura: rajistar BVN da aka fara a 2014, lambar ɗan ƙasa ta NIN, na'urar BVAS da aka yi zaɓen 2023 da ita. Wannan ma gaskiya ne, kuma binciken da ya nuna ƙarfin ido shi ya nuna rauninsa. A 2014 David White da abokan aikinsa sun gwada jami'an fasfo a Ostireliya, suka samu sun amince da hoton da ba na mai shi ba a kashi 14 cikin ɗari na lokutan da aka yi musu dabara. Idon da bai san mutum ba abin yaudara ne, kuma al'ummar da ta kai girman tamu dole ta nemi taimakon na'ura. To amma ita ma na'urar ba ɗigo miliyan ɗari take nema ba. Ƙa'idar hoton fasfo ta duniya ɗigo 90 zuwa 120 take so tsakanin ido da ido, abin da ta tsananta a kai shi ne a fuskanci gaba, haske ya daidaita, kada inuwa ta raba fuska. Kuskurenta kuma daga rashin sani yake zuwa, kamar na mutum. Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun nuna a 2018 cewa wasu manhajojin tantance jinsi daga fuska suna kuskure har kusan kashi 35 cikin ɗari a kan mata baƙaƙe, alhali a kan fararen maza bai kai kashi ɗaya ba, kuma babban dalilin shi ne fuskokin da aka horar da su a kai galibi farare ne. Na'urar da ba ta saba da fuskokinmu ba matsayinta ɗaya da baƙon nan da ke tsaye a gaban huhun goro.

Wuri guda ne zan roƙi a nemi ɗigo mai yawa ba tare da rowa ba. Hotunan da masu akwatin katako da ƙananan ɗakunan hoto suka ɗauka a zangonnin Legas suna nan a ƙasan adaka da bayan firam, danshin garin yana cinsu, funfuna tana bin gefensu, ambaliya kuma kowace damina tana tafiya da wasu. Fina-finan da aka wanko su daga ciki galibi sun bi shara ranar da shagon ya koma sayar da katin waya. Takardar da ta ruɓe ba ta dawowa, don haka in za a kwafe ta a kwamfuta a kwafe ta da mafi ingancin na'urar da aka samu, gaba da baya, har da tambarin mai hoton in yana nan. Amma kwafin kaɗai zai mayar da su irin katunan Turawan nan ne, masu kaifi marasa suna. Masu iya cewa wannan wane ne, dillalin gidan wane, mutumin Gwarzo ne, shekarar da ya dawo daga Makka aka ɗauka, tsofaffi ne, kuma kowace shekara ana rage su. Fadar Sarkin Hausawan Agege da takwarorinta na Idi-Araba da Mile 12 da sauran unguwanni, da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin matasa, suna iya wannan aiki ba tare da jiran gwamnati ba, Gidan Arewa da ke Kaduna da Gidan Makama da ke Kano kuma wurare ne da suka san darajar irin wannan ajiya. Duk mai tsohon hoto a gida ya ɗauko shi a wannan makon, ya zauna da dattijon da ya rage, ya rubuta suna da sunan uba da garin asali da shekara a bayansa, da fensir, don tawada tana huda takarda.